Farar Kwala a Bayan Ƙofa

Alhamis, 6 ga Maris

Gwiwa da sauƙi yau, tarin ne dai bai bar ni na yi barcin kirki ba. Ƙaramin fasto ya zo kamar yadda ya saba. Ya ba ni Jibin Ubangiji, sannan ya jawo roba, ya zuba ruwan ɗumi, ya yanke mini farcen ƙafa, tunda yanzu ba na iya sunkuyawa. Ya ce, "Baba, wannan babban farcen sai an zo da zarto." Na ce farcen ya girme shi, ya yi masa ladabi. Ban da shi da Dogo, shugaban dattawan coci, mai zuwa shan shayi duk Asabar, ba mai buga ƙofar nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Jiri. Ban je sujada ba.

Talata, 11 ga Maris

Dogo ya zo, ba ranarsa ba. Jiya aka binne ƙaramar 'yar tela. Wai ƙaramin fasto yana cikin wa'azi a bakin kabari sai ya rufe Littafi, ya fashe da kuka, ya ce wa tela, "Ban san dalili ba. Kuma ba zan ƙirƙiro maka amsa ba." A gaban kowa.

Dattawa suna so su sauke shi daga bagadi, su nemi a kawo wani. Suna so ni, tsohon fastonsu, in yi wa'azin Lahadi don mutane su tuna yadda ake yi. Dogo ya ce, "Malam, mun gan ka ranar jana'izar Mama, matarka. Ko muryarka ba ta yi rawa ba."

Haka aka koya mana a makaranta: makiyayi ba ya karkarwa a gaban tumaki. Yaron ya yi kuskure. Na ce zan yi.

Na ji daɗi da aka neme ni. Ga takarda kawai zan faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Maƙwabciyata ta wanke mini farar kwalata ta fasto, ta goge. Na gwada. Wuyan ya rame, yatsa biyu suna shiga. Na rataye ta a bayan ƙofa, ina ta waiwayarta kamar yaro da sabon takalmi.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙaramin fasto ya zo. Ya ga kwalar a bayan ƙofa. Farce bai fito ba tukuna, amma ya jiƙa mini ƙafa.

Na ce, "Da ka karanta wa tela aya."

Ya ce, "Na karanta, Baba. Sai ya dube ni ya ce, to amma me ya sa?"

Akwai guntayen zare a wandonsa. Na tambaya. Ashe kullum da yamma a shagon tela yake zama. Ba ya wa'azi. Zare yake zura masa a allura, don hannun mutumin rawa yake yi.

Da zai tafi ya ce, "Matakin bagadi na biyu yana motsi, ka taka a hankali. Zan tsaya kusa."

Bayan fitarsa na daɗe a zaune, ƙafa a cikin ruwan da ya huce. Lokacin da uwar yara ta rasu an karanta mini ayoyi da yawa, rabinsu ma ni na zaɓa. Ba wanda ya zauna. Ba laifinsu ba ne, ni na nuna musu ba na bukata.

Lahadi, 16 ga Maris

Dogo ya ɗauke ni a motarsa. Coci ya cika. Tela da matarsa suna bencin baya. Ban yi zaton za su zo ba.

Matakin ya motsa kuwa. Yaron ya riƙe mini gwiwar hannu har na tsaya sosai, mutumin da aka kawo ni in ture.

Na shirya wa'azi mai kyau a kan Ayuba, kashi uku, yadda aka koya mana. Na buɗe Littafi, na ɗaga kai, sai na ga tela ba ni yake kallo ba, yaron yake kallo. Abin da ya fito daga bakina, in na tuna daidai: "Ranar da na binne matata kun yaba mini. Na koma gida na rasa wanda zan gaya wa cewa ni ma ban san dalili ba. Fastonku ya faɗi gaskiya a bakin kabari. In za ku sauke shi, ba da bakina ba."

Na miƙa wa yaron Littafin, na nemi kujera.

Dogo bai dube ni ba. Da aka tashi motarsa ta riga ta tafi. Tela ne ya kawo ni gida a babur, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Alhamis, 20 ga Maris

Dattawa sun bar maganar, yanzu dai. Yaron ya fara godiya, na katse shi. Na ce wa'azinsa ya yi tsawo, ba kai ba gindi. Ya yi dariya ya ce, "Miƙo ƙafar, Baba." Kwalar na sa ya mayar mini cikin akwati.

Asabar, 22 ga Maris

Tari ya ragu. Na haɗa shayi kofi biyu, na Dogo da sukari mai yawa yadda yake so. Tun yana ajin Lahadi a hannuna haka yake da zaƙi.

Da safe, cikin addu'a, na tambayi Ubangiji game da uwar yara. Me ya sa ita, me ya sa a lokacin. Ban taɓa tambaya ba. Bai amsa ba, ni kuma ban amsa a madadinsa ba. Idona ya yi ta ruwa, amma ina jin sabon maganin idon nan ne.

Na bar ƙofa a buɗe har rana ta faɗi. Motoci sun wuce, ba tasa ba. Dogo bai zo ba. Kofinsa yana nan a kan tebur, ban ɗauke ba.