Zinari a Cikin Filta

Litinin, 8 ga Janairu. Anka.

"To, Injiniya, ke da kinka yi jami'a, gaya man mi ka damun ta." Kawu Nababa ke nan, ƙanen Inna, hannu cikin hamata saboda sanyi, yana nuna min tifarsa da haɓa. Ba ya kirana Injiniya sai abu ya ɓaci. Sauran ranaku Zinatu ce, mai dama kunu.

Na jona 'yar kwamfutar gwaji. Ƙarfin gas a bututun da ke raba wa nozul, masu fesa shi cikin inji, ya yi ƙasa. Injin yana son ya ga ɗari biyu da hamsin kafin ya tashi, ita kuwa a casa'in take tsayawa. Da hantsi ya dubi ludayi sai ta tashi kamar ba ita ba.

Sai dai ayarin da ke da rakiyar jami'an tsaro ƙarfe bakwai yake barin gari, kuma ba mai bin hanyar ƙauyen su Yaya Habsu shi kaɗai. Ƙungiyar da ke kankare ƙasa mai gubar dalma ba ta taɓa gida sai an zube sabuwar ƙasa a ƙofa, tifa biyu. Ranar sha tara za su naɗe kaya. Gidan Habsu ne na ƙarshe a takarda, tifar Kawu ce kuma za ta kai ƙasar. A wannan tsakar gidan 'yarta Rashida ke wasa, shekararta biyu, duk abin da ta tsinta sai baki.

Talata, 9 ga Janairu.

Littafin injin ya ce gas na daskarewa a ƙasashen ƙanƙara. Mu sanyinmu iyakarsa ya sa tsoho tari. Don haka jiya na tsiyayo gas a kwalba, na bar ta ta kwana kan katanga. Da safe gindin ya kama kamar man shanu, ja-ja da shi. Na sansana. Manja.

Wurin wani ɗan bumburutu Kawu ke saye, wai sahunsu ɗaya a masallaci. Sanyi ya daskarar da gaurayen, filtar tace gas ta toshe, famfon da ke tura shi ya rasa abin sha. Na yi masa bayani. Ya ce, "Mai dai mai na."

A juye tanki, a wanke, a sa sabuwar filta, a zuba gas na gaskiya. Irin filtar babu a Anka. Na ce kada a taɓa komai sai na dawo. Na faɗa sau uku, kamar mai saki.

Alhamis, 11 ga Janairu. Gummi.

Babu. Wani ya rantse min akwai a Bukkuyum. Na je, ta injin ban ruwa ce. Na ba da saƙo Gusau, an ce jibi in sha Allah, irin in sha Allahun da ake faɗa ana kallon gefe.

Asabar, 13 ga Janairu.

Na dawo na tarar da biki. Tifa ta tashi shida da rabi, ta bi ayari, ta zube lodi ɗaya a ƙofar Habsu. Kawu na zaune a gareji ana ta zuba masa shayi.

"Kara munka hura ƙarƙashin tanki," in ji shi. "Filta ko, ita ag gardama. Nis sa ƙusa 'yar inci shidda nih huda ta. Haka maigidana ka yi tun ba a haihe ki ba."

Gaskiya ne, haka ake yi. Famfon tsofaffin motoci ko tsakuwa ka ba shi zai tauna. Wannan kuwa tsakanin ƙarfe da ƙarfe bai kai kaurin silin gashi ba, filtar ce kaɗai mai gadinsa. Na faɗa. Wani makaniki ya ce boko ya sha kashi a hannun ƙusa. Aka yi dariya. Har ni na murmusa, maganar ta yi ma'ana.

A gida Inna ta ce, "Bar shi shi ji daɗi, ɗiyata. Ba kullum a kan ci da gaskiya ba."

Lahadi, 14 ga Janairu.

Ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure. Ban taɓa irin wannan addu'ar ba.

Talata, 16 ga Janairu.

Tifar ta mutu a bakin gari da lodi na biyu a bayanta. Muka jira rana. Azahar ta yi, kwamfuta na nuna talatin. Filtar Gusau ta iso yau ɗin nan, sabuwa fil, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Na kwance gidan filta, na juye gas ɗin a tasa, na karkata ta ga rana. Ƙasan na ƙyalli. Makanikin nan ya leƙo, "Kai, Nababa, ka yi arziki, zinari cikin mota!" Ba wanda ya taya shi. Garin ƙarfe ne. Famfo ya ci kansa, ya tura garin cikin bututu da nozul shida. Sai an sauya duka, daga Kano, sati biyu in an yi sa'a.

Kawu ya tsuguna a gindin taya. Ya ce, "Zinatu, babu wata dubara?"

Na so a ce Injiniya ya kira ni.

Alhamis, 18 ga Janairu.

Na kira Malam Nuraddeen na ƙungiyar. Mutum mai ladabi. Ya ce lodi ɗaya ba ya isa, kankare rabin gida kuma tayar da gubar kawai zai yi. Na nemi wata tifa, masu tifa uku, kowa da uzurinsa, duk sunan uzurin hanya. Malam Nuraddeen ya ce sai zagaye na gaba. Bai ce yaushe ba, ni ma ban kunyata shi da tambaya ba.

Habsu a waya: "Ba komi, haka Allah yas so." Wai Rashida ta gano tulin sabuwar ƙasar, can take wuni. Duk ƙauyen ba wuri mai tsabta kamarsa, kuma a waje yake.

Juma'a, 19 ga Janairu.

Na bi motar masu naɗe kaya zuwa ƙauyen su Habsu. Akwai wani aikin koyarwa da aka ba ni a Sakkwato da nake ta ja wa rai, na kira su na ce Litinin ina nan. Masaukin ɗaki ɗaya ne, amma daɓen siminti.

Na sha faɗa a gidanmu cewa ni ba mai riƙon 'ya'yan mutane ba ce. Har yanzu haka nake. Kawai dai lissafi ne: ƙasa ta ƙi zuwa wurin yarinya.

Da na ce zan tafi da Rashida, mijin Habsu ya ce to, yana kallon ƙafarsa. Habsu ta ƙulle riguna uku a ɗankwali, ta ce, "Ba ta cin tuwo in babu man shanu." Ba ta rako mu ba. Daga bakin ƙofa ta miƙo min ita, ta ja ƙyauren langa-langa, na ji sakata ta shiga.

Direba na ta hon. Na goge hannun Rashida da bakin mayafina, yatsa ɗaya-ɗaya, na saɓa ta, muka wuce tulin.