Na ce wa Baba an samu maganin kansarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, bakina ne ya ja min.

Ni malamar firamare ce a Makarfi. Bayan girbin masara aka gano mahaifina na da kansar fankiriyas, wata tsoka ce a bayan tumbi, likita ya ce ta ci jiki, sai dai a rage masa zafi. Baba ya yi tawakkali, har ya ce a kira ƙanensa, Baffanmu na Gazara, da suka daɗe ba sa ga maciji saboda iyakar gona, yana so su yafi juna.

To ni da shegen karance-karance a waya, sai na ga labarin wani magani a ƙasar waje, a ɗebi jinin mara lafiya, a ware ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, a ƙara musu ƙarfi a mayar masa. Ko ƙarshen labarin ban kai ba na faɗa ɗakinsa, ga 'yan dubiya zaune, na ce Baba an samu magani. Kafin la'asar har a masallaci an yi addu'ar Allah ya sa a dace.

Da na tambayi likitansa, ya ce gwaji ne kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba, ba a yin sa a nan, kuma ciwon Baba ya wuce wannan matakin. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Yanzu Baba ya hana a kira Baffa. Wai ba zai nemi gafara a kwance ba kamar wanda mutuwa ta tilasta, sai ya warke ya je Gazara da ƙafarsa. Kullum sai an dafa masa hanta da zogale, wai kar a zo ɗibar jini a tarar babu, ya tura da ƙyar ya amayar. Yayana ya yi min tas, ya ce ni na ɗaura ni zan kwance, Inna kuma ta ce in na faɗa masa gaskiya ni na kashe shi. Baffa kuwa ba zai zo ba sai Baba ya aika, taurin kansu ɗaya.

Jiya ko zama Baba bai iya yi ba, amma ya tambaye ni yaushe za mu tafi wajen maganin, na ce an kusa.

Ya zan yi? In durƙusa in ce masa babu maganin, ko in bar shi da murnarsa ya koma ga Allah da gabar ɗan uwansa a wuya?