Ma'asub ɗin Mazen

Penang, farkon Agusta

Zakiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar Hajiya, ta sassauta kuwa? Ya zafin Jidda? Ki gaida yaya Abdulghani da mutan gidansa, da duk wanda ya tambaye ni a unguwarmu Sa'alaba.

Kin ce in daina turo miki saƙon murya in riƙa rubutowa, wai muryata ta iya ɓoye abu amma hannuna bai iya ba. To ga shi. Sai ki daure ki karanta har ƙarshe, ban da cewa "halas, ya isa" a tsakiyar layi kamar yadda kika saba in Hausar boko ta gajiyar da ke.

Aiki lafiya lau. Hamad, ɗan'uwan kafilina (ubangidana mai riƙe da takarduna a Jidda) da aka ba shi arona don gidan abincinsa, mutumin kirki ne. Masu girkinsa sun fara kama hannun dafa shinkafar mandi, tsire ne dai har yanzu muke fama. Wallahi Zakiya na kama ɗayansu yana barbaɗa sukari a yajina. Sukari fa! Sai da na fita waje na sha iska.

Garin nan kamar ba a ɗora tukunya a gida. Kowa a titi yake ci, daga mai kwat har mai shara. Akwai Indiyawa Musulmi da ke zuba miki miya kala-kala a kan shinkafa ɗaya har ta yi ambaliya, kuma abin haushi da daɗi. Suna da mutabbaƙ, wainar fulawar nan mai nama da ƙwai a ciki, irin namu, sai dai nasu ya fi ƙiba. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so, ranar da na fara jin warinsa sai da na je na duba tukunyar gas. Baƙi 'yan'uwana kuwa, Larabawa da Turawan da suka yi ritaya, ba su da hira sai gardamar rumfar wa ta fi ta wa.

Yanzu ga abin kunyar da na yi. Ranar Juma'a bayan la'asar na fita yawo, na ɓace a lungunan tsohon gari, ga yunwa ta ci ni. Sai na tarar da abinci a gindin wata bishiya a bakin titi, an jera shi tsaf: shinkafa, lemo, wata waina mai ruwan hoda, da shayi a ƙananan kofuna. Babu kowa a kai. Na ce a raina, ashe nan ma suna da irin tamu, kamar yadda ake ajiye abincin sadaka a jikin masallacin Mahjar duk mai buƙata ya ɗauka. Tsinkayen turaren da ke gefe ma na ɗauka na korar ƙuda ne. Na tsuguna na yi bisimilla, na ci waina da lemo, har na ɗaga hannu na yi wa mai sadakar addu'a. Wata tsohuwa a tsallaken titi tana kallona, hannunta a baki.

Da na ba Hamad labari ya fara dariya, sai kuma ya daina. Ya ce wannan watan, a wurin Sinawan garin, watan matattu ne. Wai ana buɗe musu ƙofa su fito su zaga, abincin nan kuma nasu ne. Na yi istigfari, na je na sami limamin masallacinmu, ya ce babu laifi a kan wanda bai sani ba. Kar ki gaya wa Hajiya, za ta ce a yi min rubutu.

Zancen dawowa yana nan yadda muka yi. Bizar fita da dawowata za ta ƙare farkon Satumba, kuma kafili ya ja min kunne cewa in na wuce ranar zai sa wani a gurbina, iƙama, takardar zamana a Jidda, ta tafi ke nan. Na san ke ba ki da wata ƙasa sai Jidda, don haka ki kwantar da hankalinki.

Ki huta lafiya. Naki,
Saifuddeen

Penang, tsakiyar Agusta

Zakiyata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Hajiya. Na ji daɗi da kika ce kin yi dariya har kin ƙware. Rabon da in ji kin yi irin wannan dariyar an daɗe.

Na koma na ba tsohuwar nan haƙuri. Anti Teoh ake ce mata, tana da 'yar rumfar sayar da 'ya'yan itace da madarar waken suya. Turancinta a karye, nawa a karye, haka muka lallaɓa. Ta ce ba ta ji haushi ba, tsorata ta yi, don da ta hango baƙin mutum cikin farar jallabiya a tsugune yana ci, ba ta ɗauka mai rai ba ne. Ta zuba min madara, ta ƙi karɓar komai.

Da na tashi na tafi nan da nan, da ya fi min. Sai bakina ya tambaye ta ko na iyayenta ne abincin. Ta ce a'a, iyaye da kakanni a cikin gida ake ba su. Na bakin titi na waɗanda suka mutu da yunwa ne, su ne ke yawo suna nema. Ta nuna min wani ƙaramin faranti da ta ware can gefe da alewa a ciki, ta ce wannan na yara ne, don manya na ture su.

Zakiya, ban san yadda na iso masauki ba.

Shekara guda ke nan ba mu yi maganar nan ba, ni da ke. Kina kallon bango, ina kallon bango. Bari in rubuta ta, tunda ke kika ce in rubuto. Likita ya ce kar ɗanmu Mazen ya ci komai kafin a shiga da shi tiyata. Aka ɗaga aikin daga safe zuwa azahar, daga azahar zuwa yamma. Kin fita alwala, ya riƙo hannun rigata ya ce, "Baba, ma'asub, ko cokali ɗaya." Na ce masa da ya fito zan yi masa da hannuna, da ayaba da zuma da kirim har ya ture. Ya ce to. Yaron nan bai yi kuka ba, ya ce to kawai. Bai fito ba. Ni da na ciyar da rabin unguwar Madain Fahd, ɗana ɗan shekara shida ya koma ga Allah da yunwa a cikinsa.

Na san abin da za ki ce, kuma na riga ki sani. Mamaci ba ya ci ba ya sha, addu'a da sadaka ne ke isa gare shi, yaro kuma yana cikin rahama. Na yi imani da wannan. Amma duk lungun da na bi a garin nan faranti ne a ƙasa. Shekaranjiya da magariba na wuce inda suka kafa dandamali ana waƙa, mutane cike, wasu a tsaye, amma layin kujerun gaba babu kowa, an bar wa baƙin watan. A ƙarshen layin akwai 'yar ƙaramar kujera ja. Na daɗe a tsaye ina kallonta har wani ya taɓa ni ya ce in matsa.

Harshena ya daina jin gishiri. Sai dai in ba wani ya ɗanɗana min miya. Hamad ya ce mura ce.

Ki sa ni a addu'a. Naki,
Saifuddeen

Penang, ƙarshen Agusta

Zakiya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Saƙonki ya iso, na yaya Abdulghani ma ya iso, tsawonsa kamar huɗuba. Haba Zakiya. Na buɗe miki cikina, ke kuma kika kai wa yayanki? Yanzu duk Sa'alaba an ji Saifuddeen ya ci abincin aljanu ya zautu. Ki gaya masa ina salla biyar a jam'i, ina azkar safe da yamma, ba sai ya turo min lambar mai ruƙiyya ba. Shi da yaransa huɗu ke zagaye da faranti kullum, me ya sani?

Yi haƙuri. Ba da ke nake ba. Na karanta inda kika ce ke ma har yau ba kya iya wucewa ta gaban mai ayaba, kina zagayawa ta bayan kanti. Ban taɓa sani ba. Muna ɗaki ɗaya ban sani ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

Tunda ba a ɓoye miki, ga sauran. Na yi ma'asub. Ayabarsu ƙanana ce mai zaƙi, na gasa gurasa na daka su tare, na zuba man shanu da zuma. Niyyata in kai wa Anti Teoh ta ɗanɗana, ramuwar madarar da take ba ni. Ta tambaye ni wane irin abinci ne, na gaya mata, daga nan na gaya mata na wane ne. Ta karɓi robar da hannu biyu, ta tsallaka titi, ta ajiye kusa da farantin yara. Ban sa ta ba. Ban kuma hana ta ba.

Tun ranar kullum sai na yi, kafin a buɗe kicin. Ina miƙa mata in juya, ba na komawa in duba, tsoro nake ji. A daren farko na yi barcin da rabona da shi tun muna asibiti. Ina istigfari a hanyar zuwa, ina istigfari a hanyar dawowa, gobe kuma in sake. Ban san sunan abin da nake yi ba, kuma ban koma wurin liman na tambaya ba.

Hamad ya yankar min tikiti, ranar Lahadi, ita ce ranar ƙarshe da bizar za ta shigar da ni. Kafili ya kira da kansa, ya ce yalla, in yi maza, kicin na jirana. Anti Teoh kuma ta ce ranar Litinin watansu ke ƙarewa. Ranar ce ake babban ciyarwa, a sallame su su koma a ƙoshe kafin a rufe ƙofa, wanda bai samu ba sai baɗi. Na ce mata ni ranar ina Jidda. Ta ce za ta ajiye masa alewa.

Ina nan tafe in sha Allah. Na sayo wa Hajiya man zafi irin nasu, ke kuma atamfar batik ruwan ganye. Kar yaya ya wahalar da kansa zuwa filin jirgi, zan hau tasi.

Naki,
Saifuddeen

Penang, Satumba

Ummu Mazen,

Assalamu alaiki. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarki ba. Hamad ya ce kin kira shi kina kuka, ya ce ke da yaya kun je filin jirgin duk da na hana, kun tsaya har mutumin ƙarshe ya fito. Na kashe wayata ne don na san in na ji muryarki ba zan iya ba.

Na je filin jirgi, wallahi na je. Na auna kaya, na zauna a bakin ƙofar shiga. Aka fara kira. Sai na tuna alewa ce za a ajiye masa, shi kuma ba alewa ya roƙa ba. Na ce masa in ya fito, ya ce to. Idan gobe ce ranar ƙarshe, ni kuma ina sama cikin jirgi, na sake ce masa ya jira ke nan. Na ci gaba da zamana a kujerar. Ina ji suna kiran sunana a lasifika, suna karya shi, har suka gaji suka sauke jakata.

Ranar Litinin na yi masa cikakke, irin na shagon bakin kasuwa da yake so: kirim, zuma, cuku, na barbaɗa habbatussauda a kai yadda ake yi. Wannan karon ban ba Anti Teoh ba. Ni na tsallaka da kaina kafin magariba, na tsuguna na ajiye. Ban kunna turare ba, ban roƙi kowa komai ba. Na ce, "Ga shi, Baba ya kawo." Na tafi masallaci.

Da gari ya waye, bayan na idar da asuba, na koma na duba, karo na farko. Sauran farantan suna nan yadda aka ajiye su, tururuwa na bi. Robarmu babu komai a ciki, an sa yatsa an sharce ta tas. Habbatussaudar kuma an tsince ta ƙwaya-ƙwaya, an jera a bakin robar, a zagaye.

Na san akwai kyanwoyi a lungun, akwai mabarata, akwai mahaukaci ɗaya da ke kwana a wajen. Duk na lissafa su tun kafin yaya ya lissafa min. Amma ke kika yi shekaru kina yi wa Mazen faɗa a kan wannan jeren a bakin kwano, kina cewa magani ne ya cinye. Ke za ki gaya min wa ke yin haka.

Kafili ya turo saƙo ɗan gajere, ya sa wani a gurbina. Iƙama ta tafi. Na san abin da na yi miki: ba ni da hanyar zama a Jidda, ke ba ki da inda za ki bi ni. Kin rasa ɗa, yanzu na sa kin rasa miji yana raye. Ina sonki, ina jin kunyarki, ina tsoron Allah a kan abin nan, kuma duk da haka da za a mayar da ni bakin ƙofar jirgin, ban ce zan shiga ba. In kin ga ba za ki iya jira ba, ki sa yaya ya rubuto, ba zan wahalar da ke ba.

Hamad ya ce zai nema min takardar aiki a nan. Na karɓa.

Alfarma ɗaya nake nema. Akwai wata mata mai sayen mandi a wurinmu da za ta zo Umra wata mai kamawa, na ba ta lambarki. A saman kabad ɗin kicin, bayan tukunyar matsi, akwai kwanonsa shuɗi mai hoton jirgin ruwa, na san ba ki ba da shi ba. Ki naɗe shi da kyau ki ba ta. Anti Teoh ta ce baɗi war haka za a sake buɗe ƙofar, kuma ba na so ya zo ya tarar da abincinsa a roba.

Ki gaida Hajiya, in za ta amsa.

Mijinki,
Abu Mazen