Taurarin Baba Sun Kumbura

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta sa ɗan'uwanta a ido ba, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma faɗanta da kaji, maigidana kuma yana ta fama da tuƙinsa. Sai dai abin da ya sa na ɗauki biro, wallahi maganar Baba ce.

Ka san tun da Baba ya rufe shagon gyaran agogo ya tare a wajen madubin hangen taurarin nan nasa. Ya ɗaura masa kyamara, ya girke shi a bayan gida kusa da tankin ruwa. Da magriba ya saita, ya bar kyamara tana tara haske, da safe ya haɗa hotunan a kwamfuta. A bana abu ɗaya ya sa a gaba, wani tauraro da ya ce ya mutu ya bar hayaƙi kamar zobe. Wai haskensa kaɗan ne, sai an yi watanni ana tarawa. Ga maƙwabcinmu yana ɗora bene, kuma da zarar an yi rufi, wannan gefen na sama ya tafi ke nan. Sai Baba ya shiga tsere da magina, mu kuma muna ta dariya, Umma tana cewa tsufa ya zo masa da gardama.

Makon jiya bayan la'asar ya tara mu a falo, har da amininsa mai hoto, wai yau za a ga zobe. Ya sa sabuwar riga, ya buɗe kwamfuta yana murmushi. Yaya, abin da ya fito ba taurari ba ne. Wasu dunƙule-dunƙule ne farare, kumburarru, kamar an yayyafa ruwa a kan rubutu, zoben kuma tabo kawai. Shi kuwa yana bi da yatsa yana cewa mu dubi yadda kowane tauraro ya fita tsaf kamar tsinin allura. Mai hoto ya sunkuyar da kai.

A ƙofar gida mai hoton ya ja ni gefe. Ya ce madubi lafiyarsa lau, saiti ne ya kauce, kuma duk mai ido zai gane tun ranar farko. Nan ya fasa ƙwai. Ashe tuntuni likita ya ce Baba yana da hawan jinin ido, har an sa masa ranar aiki ya ƙi zuwa. Wai in an yi aikin za a hana shi sunkuyawa da ɗaukar nauyi na makonni, kafin ya warware bene ya tare masa sama. Kuma ya rantsar da amininsa kada mu ji. Ai sai na nemi dakali na zauna. Baban da ke tsintar ƙusar agogo a kan tabarma!

Umma ta ce a bar shi kada a karya masa zuciya. Ka san halina, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari na same shi na gaya masa gaskiya. Da farko ya ce ni me na sani a harkar sama. Daga baya ya ce in buɗe hoton, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya rufe idon hagu da tafi ya duba. Da ya rufe na dama sai ya tambaye ni me ya sa na kashe kwamfutar. Yaya, ban kashe ba. Na fita na yi kuka a kicin.

Ranar muka je asibiti. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi kuma ba ya dawowa, amma ana sa ran ceto na dama in an yi aikin cikin makon nan. Baba bai yi musu ba, kuma rashin musun ya fi komai tsorata ni. Da muka fito, a bakin matakala ya tsaya ya miƙo mini hannu, ya ce in riƙa gaya masa inda zai sa ƙafa. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya nemi a riƙe shi ba.

Don Allah in da hali ka taho kafin a shiga da shi. In ka kira shi kuma kada ka yi masa faɗa, ya riga ya yi wa kansa.

Umma tana gaishe ka, haka Gwaggo da Kawu. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan tagwaye. A sa Baba a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta