A Bar Baba Ya Kira Gayya

Zuwa ga Yayana Mamman Sani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da sanyin ƙasar da kake. Mu nan Damagaram sai godiya. Ruwa ya zauna, har an shiga noman fari.

Na karanta abin da ka rubuta a shafinka ranar da aka ƙara maka girma, cewa da guminka ka kai inda ka kai, ba wanda ya ɗaga ka. Mutane sun yi maka ca. Ni ban sa baki ba, don na san gumin. Ni nake wanke rigar lakwal ɗinka ta zuwa makaranta guda ɗaya tilo, ka sa ta da danshinta ka kama hanya a ƙasa. Ka sha wuya, Yaya, ba mai ƙwace maka wannan.

Amma tunda a bainar jama'a ka faɗi taka, bari ƙanwarka mai tsawon baki ta faɗi tata.

Ka tuna damunar da kake shirin komawa Zinder ajin bak, na jarrabawar gama sakandare? In ana gayya a ƙauyenmu, kowane gida saurayi yake turawa a taru a nome gonar mutum ɗaya. Mu gidanmu Baba ne ke saɓa hauya ya tafi, da furfurarsa, don ka zauna da littafi. Samari su yi ta tsokanarsa, wai ga autan samari. Amma in ya duƙa shan fura, sai su faki idonsa su nome masa rabin layinsa. Ya sani sarai, bai taɓa nunawa ba.

Tunda ka samu aiki, kowace damina kana sa 'yan ƙwadago su nome gonarsa tas, ka ce Baba ya huta. Niyyarka mai kyau ce. Sai dai ka manta yadda gayya take: wanda ba ya kira, ba a kiransa. Mutane nauyi suke ji su sa dattijo aikin da ba su da hanyar rama masa.

Makon jiya na je gida. Na tarar da shi a ƙofar gida, hauyarsa a jingine, ya wasa ta tana ƙyalli. Daga gonar Malam Idi, abokinsa tun na ƙuruciya, ana jin gangar noma, ƙafar Baba tana bin kiɗan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yau ta Idi ce." Inna ta ce ko furarsa ba ya iya shanyewa. Ya rame, Yaya, kuma ba ciwo ba ne. Sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Ga roƙona. Bana ka sallami 'yan ƙwadago kafin maimai. Ka aiko a sayi akuya, Inna ta dama fura, Baba ya zaga gida-gida da ƙafarsa ya kira gayya. Ba zai yi noman kirki ba, na sani. Samari za su nome masa rabin layi, ya yi kamar bai gani ba, ya dawo da yamma yana kukan ciwon baya yana dariya.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya albarkaci guminka da na waɗanda suka yi gumi a madadinka. Allah ya ja kwanan Baba, ya sa ya sake jin maroƙi ya kira sunansa a tsakiyar gona.

Ƙanwarka mai wankin riga,
Hauwa