Likkafaninka Yana Wurina, Idi

Ƙanena Idi,

Assalamu alaikum, gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Ulaisha, nan ƙasar Larabawa. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, amma tsoho ba ya rasa abokin hira, ko da wanda ba ya amsawa ne.

Inna ta rasu tuni, har ta bar duniya tana tambayar ko ka dawo. 'Yarka Hadiza da ka bari a goye ta aurar da 'yarta bana. Ni na ajiye tuƙi, ido ya ƙi. Ina yi wa jikoki tatsuniya, suna tambayata da Larabci wai mece ce kura.

Kai da ko kududdufin unguwa ba ka taɓa shiga ba, me ya kai ka aikin jirgin ruwa? Shinkafa da siminti kuka ɗauko, ba ruwanku da yaƙin kowa. Aka ce nakiya aka dasa a teku, jirgin ya taka ta da hantsi, kafin azahar ruwa ya rufe. Wanda ya dasa ta ko sunanka bai sani ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da limamin unguwa ya tsayar da sahu don yi maka salatul ga'ib, ficewa na yi. Na ce mu Malikawa ba ma sallatar gawar da ba ta gabanmu. Da mazhaba na fake, Idi. Jiranka nake yi. Baƙi suka sallace ka, yayanka yana tsaye wurin takalma. Ka yafe mini.

Ka tuna farin yadin da muka saya shekarar hajjinmu, muka jiƙa da zamzam muka shanya? Ka ba ni ajiyar naka, wai gishirin teku zai ci shi. Yana nan a akwati, ya yi ja a bakin ninki.

Makon jiya likita ya duba ni, ya daɗe yana lallashi, na gane. Na gaya wa ɗana Sani, idan mutuwa ta zo, a naɗe ni da naka kafin a kai ni maƙabartar Nasim. Ka fi ni tsawo, zai isa har da saura. Ba ka samu kabari ba, to, sai mu raba nawa. Ka amince?

Allah ya jiƙanka, ya sada mu a tudu.

Yayanka,
Garba Direba