Watan Biyu ko Watan Sha Ɗaya

Litinin, 4 ga Fabrairu

Mako uku ke nan ina ba yaran nan shawara a kan wasansu na kwamfuta, wasan yaƙin tankoki na 1943. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan adana takardun tarihi na Chelyabinsk, ga ni yau ina gardama da Gleb, mai kamfanin, wanda ko takardar soja ɗaya bai taɓa riƙewa ba. Ya rubuta “dibiziyar tankoki” a kan taswira. Na ce masa a wannan fagen, a wannan shekarar, korpus ake ce wa irin wannan babbar rundunar, ƙananan da ke ƙarƙashinta kuma birged-birged ne.

Wai, “Arkadi Fomich, dibiziya ta fi daɗin faɗa.”

Daɗin faɗa! Sai ka ce sunan kyanwa za mu raɗa.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Akwatin rubuta suna a cikin wasan harafi ashirin da huɗu kawai yake ɗauka. Sunan runduna ɗaya ya kai hamsin. Sun ce a gutsure. Na sha shayina.

Juma’a, 8 ga Fabrairu

Yau an yi ta. Birged ɗin da ke tsaron gada a mataki na huɗu na wasan, sun liƙa masa lakabin girmamawa na Gwardiya. Wannan lakabi ba ado ba ne, da jini ake samunsa, kuma har lambar runduna yakan canza. Yaƙin gadar a watan Yuli aka yi, birged ɗin kuwa sai Nuwamba ya samu lakabin. Ni na rubuta hakan da hannuna a ɗan littafina tun Gleb yana rarrafe.

Na tambaye shi ina ya samo. Ya ce a intanet. A gaban yaransa biyar na ce masa ko ya cire lakabin ko ya cire sunana daga wasan, ba zan bari tsofaffin abokan aikina su yi mini dariya ba saboda jahilcin wani. Kalmar da na faɗa ke nan, jahilci. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce sai an sake ɗaukar muryoyin sojojin wasan gaba ɗaya, don suna ambaton lakabin, ga shi ranar 23 za a saki wasan. Na ce wannan matsalarsa ce.

Matata Raisa ta ce na cika baki. Ita da take wanke kwanuka ba ta ga taswirar ba.

Talata, 12 ga Fabrairu

Sun cire. Kwana biyu suka yi suna sake muryoyi. Gleb yana gaishe ni kamar mai gaida likitan haƙori.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Alsu, wadda take zana taswirorin, ta biyo ni har tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, cikin dusar ƙanƙara, ko hula ba ta sa ba. Ta miƙo mini wayarta. Hoton ainihin takardar umarnin ba birged ɗin lakabin ne, an ɗora shi cikin takardun da aka buɗe wa jama’a.

“Arkadi Fomich, ku duba watan. Ina jin lambar Rumawa ce.”

Sanda biyu a tsaye. II. Watan biyu, Fabrairu. Ni kuwa shekara talatin da suka wuce, a kan kwafi mai dishi-dishi, na karanta 11. Ashe birged ɗin ya samu lakabinsa wata biyar kafin yaƙin gadar. Gleb ne da gaskiya. Gleb! Da intanet ɗinsa!

Ta ce ba ta nuna wa kowa ba, kuma ba za ta nuna ba. Wannan ya fi ba ni haushi. Tiram biyu suka wuce ina tsaye.

Juma’a, 15 ga Fabrairu

Ban je ba. Na ce mura.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Wa zai gane? Mutum nawa ne a duniya za su duba? Na tambayi Raisa haka tana naɗa pelmeni, ƙullin fulawa mai nama a ciki. Ba ta ɗago ba ta ce, “Mutanen da suka mutu a gadar, ka tuɓe musu lakabinsu, kana tambayata wa zai gane?”

Matar nan wani lokaci ba ta da tausayi.

Litinin, 18 ga Fabrairu

Na faɗa. A tsaye, a gaban dukkansu, a inda na yi wancan zagin. Na ce kuskuren nawa ne, Alsu ce ta gano, kuma kalmar da na faɗa wa Gleb ta dawo kaina.

Gleb ya dafe kai, na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, “Alsu, tsofaffin muryoyin fa?” Ta ce ba ta goge ba. Ya fashe da dariya har da buga tebur.

“Arkadi Fomich, wato sau ɗaya na yi daidai a rayuwata, shi ma kuka hana ni!”

Na ce kada ya saba, tsautsayi ne. Ya ce zai sa a rubuta ranar a bango, da lambar Rumawa. Mara kunya.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Na zauna da Alsu muka gutsure sunaye sittin da uku yadda magatakardan soja suke gutsurewa a takardunsu. Sun shiga akwatin. Abin da tun farko da sun tambaye ni... to, sun tambaya.

Asabar, 23 ga Fabrairu

An saki wasan. Kafin azahar wani ya rubuto cewa sunan wani korpus a mataki na shida ba daidai ba ne. Na duba sau uku kafin na buɗe baki. Daidai yake. Gleb ya ce in ba shi amsa mai zafi. Na rubuta masa cewa ya turo takardarsa mu gani, ana iya kuskure.

Har yanzu shirme ne, tankoki suna tafiya ba sa neman mai. Na gaya wa Gleb lallai mu gyara wannan a kashi na biyu. Ya ce wa ya ce da ni akwai kashi na biyu? Na ce ya kawo taswirar 1944 ranar Litinin, kuma kada ya sake ya rubuta komai a kanta kafin na zo.